Iskar Da Ta Tsare Zainu A Umluj

"Ka tafi, Zainu! Wallahi ba zan buɗe ba!"

Na jingina da ƙofar gidanmu na unguwar Anbariyya. Shi yana tsaye a waje, ƙarnin kifi yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Daga Yanbu yake, ko kaya bai sauya ba.

"Sundus, habibti, ki saurare ni..."

"Kada ka ce min habibti, ni ba masoyiyarka ba ce! Abba ya ce sai ya gan ka da idonsa kafin ya ba ka ni. Ya sa ranar Juma'a, ya yanka rago, kawunnanka suka zo. Kowa ya zo sai kai!"

Zainulabideen a jirgin kamun kifi yake aiki, suna bin gaɓar teku daga Yanbu zuwa arewa. Tun farko Abba bai so ba. Ni na yi ta kuka har ya sauko.

"Iska ce ta taso mana a hanya," in ji shi. "Da ƙyar muka shiga tashar Umluj."

"Umluj babu titi ne? Babu mota?"

"Akwai."

"To?"

"Jiragen a jere ake ɗaure su, wannan jikin wannan. In iska tana bugawa, kowa yana kan igiyarsa. In tamu ta tsinke, jirginmu zai fasa na maƙwabta. Ba a barin jirgi, Sundus."

"Amma ana barina ni! Na gan ka a waya, kana shan shayi kana dariya! Khalida ta nuna wa mata duka, a gaban Ummi!"

Ya matso jikin ƙofa.

"Khalida? Ai ita aka ba saƙona tun Alhamis. Na sa wanta Saif, da muke jirgi ɗaya, ya kira ta, ta gaya muku a ɗaga ranar."

Khalida 'yar kawuna ce, a saman bene suke.

"Me ya hana ka kiran Abba?"

"Kunya... Yaya zan kira surukina in ce masa ya jira ni? Ke kuma ya hana mu waya sai an tsayar da magana."

Na ja mayafi, na buɗe ƙofa, na wuce shi ko kallo babu, na hau bene. Ni da ko a gida ba a cika jin muryata ba, ranar har maƙwabta sun ji.

"Khalida! Ina saƙon da aka ba ki?"

Ta leƙo tana gyara gashi. "Mantawa na yi."

"Hoton shayi kuwa ba ki manta ba!"

"Yo ni na ce ya zauna a can? Ni da ni ce, ko shekara zan jira shi, ba zan yi masa ihu a matakala ba."

"Ashe abin da ke ranki ke nan! Allah ya isa, Khalida!"

Ta rufe ƙofa. Na sauko ina haki. Zainu yana nan, tafin hannunsa duk igiya ta sale shi. Ban ji tausayi ba tukuna.

"Ka faɗa min gaskiya. In iska ta sake tasowa ranar ɗaurin aure, za ka baro jirgin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan baro ba."

Na so in mare shi! Amma da ya ce zai baro, da na san ƙarya yake, da ban aure shi ba.

"To ka wuce shagon Abba a titin Sultana. Yanzu, a haka, da ƙarninka. Ka buɗe bakinka ka gaya masa da kanka."

"In ya kore ni fa?"

"Ka koma gobe!"

Abba ya kore shi. Ya koma, aka sake korarsa, ya sake komawa. Ranar da Abba ya miƙa masa shayi, Ummi ta shigo ɗakina tana guɗa.

An ɗaura aurenmu da rani, lokacin da Abba ya zaɓa da kansa, bayan ya sa Zainu ya rantse masa teku tana kwance.