Wa Ke Riƙe Ƙofa?

Auta tana durƙushe gaban teburin falo tana zuba wa Baba shayi sai ga Gwaggo ta faɗo, ko sallamar ba ta ƙarasa ba. Ta yi jifa da jakarta kan kujera, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, na je na gano maka surukin naka!"

Baba ya sauke tabarau ya dubi ƙanwar tasa. Tsohon ɗan kwana-kwana ne, ya yi ritaya da tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ga murya wadda in ya ce "ke" daga falo sai an ji a bakin titi.

"Na kai wayata shagonsa da sunan gyara," in ji Gwaggo. "Gyara dai ya gyara, ba zan yi masa ƙazafi ba. Amma yana miƙo min ita ya koma ƙuryar shago gaban wani ƙaton talabijin, ya toshe kunnuwansa, yana ta harbin dodanni yana ihu shi kaɗai kamar sabon kamu! Gardi da gemunsa! Wannan za a ɗauki 'ya a ba?"

"Gwaggo, gem ne fa kawai, wasan kwamfuta," Auta ta ce a hankali. "Kuma sai ranar Asabar da yamma, in ya tashi daga aiki—"

"Au! Har ranar kin sani?"

Tabɗi! Ai Auta ta san abin da ya fi ranar. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma ita ma waya ce ta fara kai ta shagon. Tana jiran gyara idonta ya faɗa kan sikirin, ta ga wata duniya mai rana biyu, da birane a rataye cikin sarari, da jiragen da suka fi unguwa girma. Ta tsaya baki buɗe har ta manta abin da ya kawo ta. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, ya yi murmushi ya miƙo mata kwanturola, abin sarrafa wasan, ya ce ta gwada.

Abin da ya kama ta ba harbin ba ne. A wasan nan kai kake gina jaruminka da kanka, ka zaɓa masa fuska da sulke da hali, kuma duk shawarar da ka yanke sai ta biyo ka. Ita maharbiya ta gina, mai shuɗin sulke. Daga ɗakinta take shiga da kwamfutarta, su uku a ƙungiyar: ita, da Injiniya, da wani abokinsa da ake kira Dogo. A cikin wannan gumurzun ta gane halin mutumin da take so, don bai taɓa tserewa ya bar wani a baya ba.

Baba ya shanye shayinsa. Sannan ya ce, "Ki gaya masa ina son ganinsa."

Injiniya ya zo da yamma cikin shigarsa mai kyau, ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Auta ta laɓe bayan labulen kicin, Umma na gefenta tana ta yi mata alamar ta nutsu.

"Na bincika, an ce kana da riƙon amana a sana'arka," in ji Baba. "Sharaɗina ɗaya ne. Ka sayar da akwatin wasan nan, ka yi min alkawari ba za ka ƙara taɓa shi ba. Ni ba na ba yaro aure."

"Baba, duk abin da ka ce zan yi. Amma yammacin Asabar ɗin nan, akwai wanda na riga na yi wa alkawari tun kafin—"

"Ban tambaye ka labari ba. E ko a'a?"

Auta ta damƙe hannun Umma har sai da Umma ta ce "wash".

"A'a, Baba. Ka yafe ni."

"To, ga hanya nan."

Ko kwanar layin bai sha ba wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Haba! Haba don Allah! Ka ce ka daina mana! Wa zai bi ka shago ya duba?"

"Ni zan sani, Auta. In na shiga gidanku da ƙarya, da wane ido zan riƙa gaishe da Baba? Kuma kin san Dogo."

"Dogo! Dogo! To ni fa?"

"Ke ce raina, kin sani. Ki yi min haƙuri, Allah bai manta da mu ba."

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo ta yi kuka har idonta ya kumbura. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi. Amma can ƙasan haushin akwai wani abu da ya ƙi kwanciya, wato alfahari, domin a duk samarin da ta sani babu wanda zai iya duban Baba ya faɗa masa gaskiyar da za ta cuce shi. Washegari da kanta ta naɗe kwamfutarta ta kai wa Baba, ta ce ba za ta ƙara shiga wasan ba sai da izininsa. Ya karɓa ya kulle a kabad bai ko dube ta ba.

Watanni suka shuɗe. Auta ta rame, wuyan rigunanta duk suka yi mata yawa. Aiki, gida, aiki, gida. Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba, shayinsa kuma bai taɓa latti ba. Sau biyu Umma ta gwada kawo zancen Dogo, sau biyu Baba ya tashi ya bar mata falon. Shi kuwa Injiniya, ko a hanya ya hango Baba sai ya sauka daga babur ya gaishe shi, a amsa ko kar a amsa.

Gaisuwar nan ce ta ishi Gwaggo.

"Yaya, yaron nan bai cire rai ba. In ba ka je ka yanke abin nan a gaban idonta ba, haka za ta zauna tana tsotsewa, manema na wucewa."

Wata Asabar da yamma Baba ya sa takalmi ya ce, "Auta, ɗauko mayafinki." Ta bi shi a baya.

Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin dalmar da ake liƙa waya da ita. Ga wayoyi a farke a kan tebur ƙarƙashin fitila, ga ƙananan sukurori a cikin murfin kwalba. Injiniya na can ƙurya ya ba ƙofa baya. Abin kunnensa ya lalace ranar, don haka sifika ya kunna, shagon ya cika da kukan jiniya.

Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. A sikirin wani ƙaton jirgin sararin samaniya ne yake ci da wuta. Hayaƙi ya cika wani dogon lungu, jajayen fitilu na walƙiya, rufi na zubowa. Wata murya ta fito daga sifika.

"Injiniya, ƙarfe ya danne ni! Ka tafi kawai, kar mu mutu mu biyu!"

"Ina! Ga ni nan zuwa, Dogo."

Auta ta kasa daurewa, ta raɗa wa Baba: "A wannan matakin in ka mutu shi ke nan, jarumin da ka yi shekaru kana ginawa ya tafi har abada. Kuma in za ka ɗaga wanda ya faɗi, dole ka tsaya cak ka danne maɓalli, bayanka a buɗe."

Baba ya matsa gaba. Ya ga jarumin Injiniya ya nufi cikin hayaƙin, ya kuma ga wasu mutum-mutumi na ƙarfe suna tururuwa ta ƙofar da ya bari a baya. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wa ke riƙe ƙofa?"

Injiniya ya zabura saura kaɗan ya faɗo daga kujera.

"Kar ka juyo! Idonka a kan aikinka! Na ce wa ke riƙe ƙofa?"

"Ba... babu kowa, Baba. Aikin Auta ne."

"Shi ne za ka kutsa cikin hayaƙi ba mai tsare maka baya? Wane sakaran ne ya koya muku aiki?" Ya juyo a fusace. "Ke! Tsayuwar me kike yi? Zauna ki riƙe musu ƙofa!"

Ikon Allah! Auta ba ta san lokacin da ta fizgi ɗaya kwanturolar ba. Ta shigar da sunanta, sai ga maharbiya mai shuɗin sulke ta diro bakin ƙofar. Ta durƙusa da gwiwa ɗaya ta fara sakin wuta, kowane harbi da mai shi.

"Hagu! Ga wani ta hagu!" Baba ya daka tsawa, ya dafa bayan kujerarta. "Yawwa! Kai kuma yi ƙasa-ƙasa, hayaƙi sama yake bi! Kar ka ja shi ta ƙafa, ɗaga ƙarfen tukuna!"

"Wai wa ke ba da oda haka?" in ji muryar Dogo.

"Yi shiru ka ajiye numfashinka!" in ji Baba.

Ƙarfen ya ɗagu. Jarumin Dogo ya miƙe, amma iskarsa ta kusa ƙarewa. Injiniya bai yi wata-wata ba ya cire tukunyar iskar da ke bayansa ya maƙala masa, ya tura shi gaba. Dogo ya kwasa a guje, ya tsallake wani rami, ya wuce ta gefen Auta ya fice. Injiniya na biye, taku kaɗan ya rage, rufin ya rufto a kansa. Ɓangarensa na sikirin ya yi baƙi ƙirin.

"Na fita! Wallahi na fita!" Dogo na ihu yana dariya. "Kun ga gudu? Kun ga tsalle?" Sai muryar ta sauka. "Injiniya... kai fa?"

"Ba komai. Sai in sake sabo, ka ga yanzu kai ne babba."

"Baban Auta ne yake tare da mu," Auta ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"Baba? Ina wuni, Baba! Ka yi haƙuri da ihuna. Ni ma'aikacin lantarki ne a da, na faɗo daga kan turken wuta, tun ranar ƙafafuna suka daina ɗaukata. Sati guda nake yi ina kallon silin. Ranar Asabar ce kawai nake da ƙafa, Baba. Da ba don bawan Allahn nan ba, da tuni na haukace."

Baba ya juyo. Ya yi wa Injiniya alama ya kashe abin magana, ya kashe.

"Ya san abin da ka rasa saboda Asabar ɗinsa?"

"A'a, Baba. Don Allah kar ya sani. In ya ji, shi zai ce a daina."

Baba ya ciro hankici ya goge tabaransa, ya goge, ya sake gogewa, alhali ba ƙurar komai a jiki.

"Ni fa ban ce ina son wasan nan ba," ya ce da kakkausar murya. "Har yanzu hayaniya ce. Amma na yi aiki da maza iri-iri, na san wanda ake shiga wuta da shi." Ya maida tabaran. "Ka turo manyanka."

Injiniya ya zube ƙasa yana godiya. Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

A hanyar gida Baba na gaba, hannuwa a baya, ita tana biye. Sai da suka kusa kwanar layinsu ya rage tafiya har ta iso gefensa.

"Ko ɗaya cikin mutum-mutumin nan bai wuce ki ba," ya ce, bai dube ta ba. "Na lura. Ko ɗaya."

Da Gwaggo ta ji labari ta zo da faɗanta, Baba ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Ke kin leƙa ne, ni na tsaya na gani." Ba ta ƙara tada zancen ba.

To, 'yan mata da samari, ga darasi. Da Injiniya ya yi ƙaryar da Auta ta roƙe shi, da ya sami mata a ranar, ya rasa mutuncinsa a wurinta har abada. Da Auta ta yi wa mahaifinta tsaurin ido, da bai taɓa taka ƙafarsa zuwa shagon nan tare da ita ba. Haƙurinta da gaskiyarsa su suka yi aikin. Iyaye kuma a daure a riƙa sauraron yara har ƙarshen magana kafin a yanke hukunci. Namijin da ya ƙi karya alkawarin da ya yi wa abokinsa na kwance, ko da zai rasa wadda yake so, shi ne wanda ba zai karya na matarsa ba. Auta ta shiga gidan mijinta kanta a ɗage, don ta san wanda ta aura.