Gadon Ƙarfe a Gonar Gero

Aina'u na zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa irin ta mai sauran sati biyar biki, sai ga Baffa Nababa, ƙanin mahaifinta, ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya Dabo, auren nan a dakata!"

Malam Dabo ya ajiye rediyonsa. Inna Hure ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Da idona na gani a hanyar Makoda!" in ji Baffa. "Yaron nan Jamil ya kai gadon ƙarfe tsakiyar gonar gero da rana tsaka, ya kwantar da wani tsoho, yana zagaya shi da waya. Kuma ya jera takalma a kunya kamar mai shuka! In ba asiri ba ne, to taɓin hankali ne."

"Innalillahi!" Inna ta dafe ƙirji.

Aina'u ta ajiye gyaɗar. Ta san zancen sarai. A kwalejin Bici suka haɗu da Jamil, kuma tun can shi ba ya kallon fim irin na mutane. Nasa sai wanda za a yi minti goma ana nuna bango, ko kifi yana iyo a cikin ɗaki. Ranar da ya fara nuna mata ɗaya, barci ta yi har da minshari. Ba finafinan ta so ba, mai kallonsu ta so.

"Baba, fim yake haɗawa," ta faɗa a hankali.

"Fim? Ai mun san fim," in ji Malam Dabo. "Saurayi da budurwa, a yi kuka, a ɗaura aure. Ban taɓa jin wanda ake shuka takalmi ba. Ranar Juma'a a mayar musu da kayansu."

Ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta kira Jamil, sai ya fara: "Sori, Aina'u, ai shi irin wannan fim ɗin ba kowa ne zai..."

"Don Allah rufe min baki! Aurenmu zai watse, kai kana min lacca?"

Ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta ɗaure fuska ba. Kwana uku tana aikinta, ita ce shara, ita ce kai masa ruwan alwala. Ranar Alhamis ta durƙusa gabansa.

"Baba, duk hukuncin da ka yanke na bi. Alfarma ɗaya nake roƙo: ka kalli abin tukuna."

Ladabin yarinyar ya sanyaya masa jiki. "To, Jamil ɗin ya zo bayan la'asar."

Jamil ya zo da laftof ɗinsa, gumi har ya jiƙa masa hula. Aka zauna a zaure, Inna da Aina'u suna daga bakin ƙofa.

Fim ya fara. Tsoho kwance a gado, gero na ta tsiro yana kewaye shi. Shiru, sai iska. Minti biyar ba abin da ya motsa.

"Ya lalace ne?" in ji Baffa.

"A'a Baffa, haka yake."

"Ikon Allah!"

Can sai takalman nan suka fara tafiya da kansu, ɗaya bayan ɗaya, suka bar kunya suka nufi kwalta. Inna ta ja da baya tana a'uziyya. Sai ga samari uku cikin shadda mai ƙyalli sun tsaya a kan tsohon. Suka buɗe baki za su gaishe shi, amma maimakon magana sai ƙarar hon ɗin mota ke fita. Tsohon ya miƙa musu zangarniyar gero. Suka ɗauki hotonta da waya, suka juya, suka bar shi da hannu a miƙe. Gero ya ci gaba da tsawo har ya rufe gadon. Shi ke nan, fim ya ƙare.

"To ina labarin?" in ji Inna. "Ko waƙa ɗaya babu!"

Aina'u ta sunkuyar da kai, ta sadaƙar komai ya ƙare. Da ta saci kallon mahaifinta, sai ta ga yana goge ido da gefen rigarsa. Tunda take ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Nan ta tuna yayyenta uku da ke Kano, waɗanda shekara shida rabon ɗayansu da riƙe fartanya, sai Sallah su zo su yi hoto su koma.

"Kai yaro," in ji Malam Dabo, "wa ya ba ka labarina?"

"Wallahi ba kowa, Baba. Kakana ne, halin da yake ciki na ɗauka."

"Ni fa har yanzu ban gane komai ba," in ji Baffa.

"Ba za ka gane ba, Nababa. Kai naka 'ya'yan suna gida."

Malam Dabo ya miƙe, ya dafa kafaɗar Jamil.

"Biki yana nan ranar da aka sa. Kuma in za ka sake irin wannan, kada ka wahalar da kakanka. Ka kawo gadon gonata, ni zan kwanta."

Aina'u ta ruga cikin gida tana dariya tana kuka. Inna ta bi ta tana mita, wai ita dai har gobe ba ta ga abin kallo a ciki ba, amma ta fara lissafa matan da za a gayyata.

Da Aina'u ta yi tsiwa ranar farko, da an mayar da kaya ba wanda ya kalli komai. Haƙuri da ladabi su suka zaunar da uba ya gani da idonsa. Mu ma kada mu yi saurin kiran abu hauka don kawai ba mu saba da shi ba, wataƙila ciwon da muka kasa faɗa ne wani ya faɗa mana.