Hagu Nawa, Dama Nawa?

Ku natsu ku ji, yara. Ban son surutu.

A Ƙofar Guga akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kanta na ja ƙwarai. Abin da malami ya faɗa sau ɗaya, ya zauna. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ran Asabar za a ba ta kyauta a gaban iyaye, kuma ita za ta yi jawabin godiya da ka.

Babban burinta shi ne Kaka Dije, mahaifiyar innarta, ta ga wannan rana. Kaka Dije tana ƙauye. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya hawa babur. Sai dai a ɗauko ta a mota.

Motar kuwa ta baban yarinyar ce, Malam Zakari. Ta tsufa, sitiyarinta ya fara rawa. Malam Zakari ya yi zaman gareji yana saurayi, don haka shi yake gyara abarsa a ƙofar gida.

Ran Alhamis bayan La'asar ya ɗaga gaban motar da jek, ya tokare ta, ya cire tayoyi. Sannan ya kira yarinyar. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata.

"Uwata, zo ki gani. Wannan ƙarfen shi ne tayarod. Shi ke juya taya in an juya sitiyari. Zan kwance kansa, ke kuma ki ƙirga sau nawa na murɗa. Yadda tsoho ya fita, haka sabo zai shiga. In aka ƙara ko aka rage, taya ta karkace."

Ta durƙusa ta ƙirga. Hagu goma sha bakwai. Dama goma sha huɗu.

"Ga alli. Rubuta a bango."

"Haba Baba! Ni da na haddace jawabi shafi uku? Lamba biyu kacal?"

"Na ce ki rubuta."

"To, Baba."

Ta karɓi alli. Sai ƙawarta Baraka ta leƙo tana kiranta. Ta jefa alli a aljihu ta bi ta. Ba ta rubuta ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, Malam Zakari ya dawo da sababbin kaya. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota.

"Uwata, karanto mani. Hagu nawa, dama nawa?"

Ta dubi bango. Ba komai. Ta lalubi kanta, babu abin da ta iske sai jawabi. Sha bakwai ne? Sha tara ne? Wanne ne na hagu? Da ta ce ta manta, da shi ke nan. Amma ta ji kunya a ce mai ta ɗaya ta manta.

"Hagu sha huɗu, dama ashirin," in ji ta.

Ya murɗa kamar yadda ta faɗa. Ya ɗaure notina, ya mayar da tayoyi, ya sauke jek.

"Shigo mu gwada ta."

Ko ƙarshen layi ba su kai ba tayoyi suka fara kuka. Sitiyari ya karkace. Mota ta ja gefe, ta nufi teburin Malam Babaji mai kayan miya. Malam Zakari ya taka birki da ƙarfi. Mota ta tsaya, hancinta na taɓa kwandon tumatir.

Malam Babaji ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya.

"Malam Zakari! In tumatir kake so ai sai ka sauko, ba sai ka aiko mota ba!"

Mutane suka yi dariya. Malam Zakari ya ba shi haƙuri, amma shi bai yi dariya ba. Ya lallaɓa ya mayar da mota gida. Ya je ya tsaya gaban bango. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ina rubutun?"

Ta zaro alli daga aljihu, hawaye na zuba.

"Ban rubuta ba, Baba. Na manta lambobin, sai na ƙaga."

"Mantuwa ta kowa ce. Ƙagen ne ya ɓata mani rai. Da a kan titin ƙauye ne fa, Kaka na zaune a baya?"

Ta share hawaye. Can ta ce, "Yanzu Kaka ba za ta zo ba ke nan?"

"Ya danganta da ke. Je ki karɓo zaren ɗinki wurin innarki."

Tana fitowa da zare sai ga Baraka. "Zo mu tafi, mai lalle ta iso!"

Yarinyar ta dubi hannuwanta, ta dubi mota.

"Ku je. Ina da aiki."

Malam Zakari ya daidaita sitiyari. Ya ɗaura zare daga tayar baya, ya ja shi ya wuce ta gaba.

"Kwanta ki duba. In zare ya taɓa tayar gaba a baki biyu daidai, ta miƙe. In ba ki gani sosai ba, ki ce ba ki gani ba."

Ta kwanta bisa buhu. Shi yana murɗawa, ita tana dubawa.

"Saura kaɗan, Baba. Ƙara rabi."

"Yanzu fa?"

"Ban tabbata ba. Bari in sake dubawa."

Malam Zakari ya yi murmushi bai bari ta gani ba. Duk murɗin da aka yi sai ta tashi ta rubuta a bango. Baƙin mai ya ɓata mata hannu har gwiwa. Ana kiran Magariba suka gama. Suka gwada. Mota ta tafi sak, ba kuka, ba karkata. Malam Babaji ya riƙe kwandonsa har suka wuce, sannan ya ɗaga masu hannu.

Ran Asabar Kaka Dije ta zauna a layin gaba da sandarta. Yarinyar ta yi jawabi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta miƙa hannu ta karɓi kyauta. Hannuwan ƙawayenta duk jan lalle. Nata kuwa sabulu bai fid da baƙin mai daga farce ba.

Kaka Dije ta kama hannun ta jujjuya.

"Ke ɗiyar nan, mi ya samu hannunki? Gawayi kika saida?"

Malam Zakari ya ce, "Inna, wannan hannun ne ya miƙe tayoyin da suka kawo ki."

Kaka Dije ta ɗaga hannun sama ta juya ga matan da ke kusa. "Ku duba lallen jikata! Wa ke da irinsa?"

To, kun ji. In babba ya ce ku rubuta, ku rubuta, komai kaifin kanku. In kun manta, ku ce kun manta. Kada ku ƙaga. Lambobin nan suna nan a bangon gidan har yau, yarinyar ta hana kowa ya goge.