Jan Tum-tum na Bakin Bola

A garin Greensboro, can ƙasar waje, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Tana zaune da mamanta da ƙaninta Safwan. Babansu ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa haya ta gagari Mama. Sai suka koma gidan marasa matsuguni, wanda kowa a can yake kira shelta.

Wata bakwai suka yi a shelta. Gado na mutane, bargo na mutane, har cokali ma na mutane. Mama ba ta taɓa kuka a gabansu ba. Kullum in ta idar da salla sai ta ce, "Ya Allah ka ba mu ƙofar da za mu rufe da hannunmu."

Allah kuwa ya amsa. Mama ta samu aiki a wurin wanki na wani otal. Suka kama haya, ɗaki ɗaya da falo, a hawa na biyu.

Ranar da suka shiga, gidan wayam yake. Ba kujera, ba labule. Safwan ya yi ihu, sai ya ji muryarsa ta dawo.

"Mama, gidan yana amsa mini!"

Mama ta yi murmushi. Ta fuskanci gabas, ta kai goshinta ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da la'asar matan masallaci suka zo. Hajiya Oumaima ce a gaba, wata tsohuwa mai son zumunci. Sun kawo tukwane biyu, da tabarma, da sabuwar katifa a cikin ledarta. Su uku suke kwana a kanta. Yarinyar tana son ƙanshin katifar nan. Babu wanda ya taɓa kwanciya a kanta kafin su.

Ranar Asabar Anti Nasiba, ƙawar Mama, ta zo da tsohuwar motarta.

"Ku shigo, Irving Park za mu," in ji ta. "A ƙasar nan, in masu hali sun gaji da kaya, bakin titi suke ajiyewa. Wanda ya riga, nasa ne."

Unguwa ce mai manyan gidaje da dogayen bishiyoyi. Suka riƙa tafiya a hankali suna dubawa. Suka tsinci tebur wanda ƙafarsa ɗaya take girgiɗi. Suka tsinci kujeru biyu na katako, fentinsu duk ya ɓare.

Can sai yarinyar ta hango wata babbar kushin mai laushi. Ta fita da gudu ta faɗa kanta.

"Mama, zo ki gani! Kamar sabuwa!"

"Tashi maza," in ji Mama. "Kakkaɓe jikinki."

"Amma kyauta ce fa, Mama."

"Na sani. Ki saurare ni da kyau. Katako da ƙarfe muke ɗauka. Duk abin da yake da yadi da soso, ba zai shiga gidana daga bakin titi ba."

"Saboda me?"

"Saboda kuɗin cizo. A cikin ɗinki suke ɓuya, ido ba ya ganinsu da wuri. Kin manta ranar da muka shiga shelta? Sai da aka zuba kayanmu kaf a injin zafi kafin a ba mu gado. Ko katakon nan ma sai ya sha ruwan zafi da sabulu. Zai yi kwana uku a baranda, in duba kowane tsagi, sannan ya shiga."

Anti Nasiba ta yi dariya. "Kai, mamanki ta fi 'yan kwastan bincike!"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Nasiba, da ƙyar muka samu gidan nan."

Washegari Lahadi yarinyar ta je Islamiyya. Ƙawarta Jidda ta matso kusa da ita.

"Na ji kun yi sabon gida. Mamana ta ce za ta kawo ni Asabar ta sama."

"To, sai kin zo," in ji yarinyar.

Ta taɓa zuwa gidan su Jidda a McLeansville. Falonsu cike yake da kushin masu laushi. To ita a ina za ta zaunar da Jidda? A kan kujera mai ɓararren fenti?

Ranar Litinin ta sauka daga bas ɗin makaranta. Mama tana wurin aiki, Safwan yana gidan reno. Tana wucewa ta gefen bolar gidajensu sai ta ga wani tum-tum. Ja ne wur, na karan-miski, mai igiyar zinariya a gefe.

Ta tsaya. Ta shafa shi. Laushi kamar gashin mage.

Da ta juya shi, ta ga an zana babban giciye baƙi a bayansa. Ba ta san ma'anarsa ba. Ta ce a ranta, "In na jingina shi da bango, ba mai gani."

Ta tuna maganar Mama sarai. Ta duba ɗinkin sama-sama, ba ta ga komai ba. Ta waiga dama da hagu. Sai ta rungume shi ta hau bene tana haki.

Ta cusa shi a can ƙuryar kabad ɗin ɗaki, ta lulluɓe da tsohon bargo. Dabararta ita ce, sai Jidda ta zo za ta fito da shi. Ta san Mama ba ta yin faɗa a gaban baƙi.

Kwana shida lafiya lau. Rana ta bakwai da safe Safwan ya tashi yana kuka yana susa.

"Mama, ƙaiƙayi! Wani abu ya cije ni!"

Mama ta ɗaga rigarsa. Jajayen ƙuraje ne a jere a bayansa da hannunsa, uku-uku. Ita ma yarinyar tana da su a ƙafa, amma ta ja siket ta rufe.

Mama ta yaye zanin gado. Ta kunna fitilar waya, ta bi ɗinkin katifar a hankali. Sai ga wani ɗan ƙwaro jajaja, falan-falan, ya fito da gudu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mama. Ta zauna a ƙasa.

"Mama, mene ne?" Yarinyar ta tambaya, ko da yake ta sani.

"Kuɗin cizo ne. In suka bi bango suka shiga gidan maƙwabta, ban san abin da mai kula da gidajen nan zai ce ba. Watanmu ɗaya bai ma cika ba."

"Za a kore mu? Za mu koma shelta?"

Mama ta fitar da tebur da kujeru baranda ta sake duba su, duk da sun daɗe da shiga falo. Ba ta ga komai ba. Ta dawo ta tsaya a kan katifar.

"Ba abin da ya shigo gidan nan ban duba ba sai katifar nan," in ji ta. "Na ga leda, na yarda. Wataƙila an cuci Hajiya Oumaima a kanti. Allah ka yafe mini in na yi mummunan zato."

Ta ɗaura ɗankwali, ta kama kusurwar katifar ta fara ja. "Kama mini can. Bola za mu kai ta."

Yarinyar ta kama. Suka ja har bakin ƙofa. Safwan ya biyo su yana kuka.

"Mama, a ina za mu kwana?"

"A tabarma, ɗana. Allah da ya ba mu wannan zai ba mu wata."

Muryar Mama ta karye. Yarinyar ta ɗaga kai. Hawaye ne a fuskar Mama. Wata bakwai a shelta ba ta taɓa ganin haka ba.

Ta saki katifar.

"Mama, ba katifar ba ce."

Mama ta dube ta.

"Ba laifin Hajiya ba ne. Ni ce."

Ta koma ɗaki, ta buɗe kabad, ta yaye tsohon bargon. Mama ta haska ɗinkin jan tum-tum ɗin. Ƙwari ne jingim a ƙarƙashin igiyar zinariyar.

Yarinyar ta so a ce Mama ta yi mata tsawa.

"Daga ina?" in ji Mama.

"Bakin bola. Ranar Litinin."

"Kin manta abin da na faɗa miki ne?"

"Ban manta ba." Ta fashe da kuka. "Jidda za ta zo. Na ji kunya ta ga ba mu da komai."

Mama ta ja dogon numfashi. Ta zauna, ta jawo ta kusa.

"Ba mu da komai? Muna da ƙofa da makulli. Muna da inda za mu yi salla ba mai tsallake mu. Wata biyu da suka wuce me muke roƙo?"

"Ƙofar da za mu rufe da hannunmu."

"To kin gani. Kin yi laifi biyu. Kin karya dokata, kin kuma ɓoye. Ɓoyewar ce ta ba su kwana bakwai suna yawo. Har na kusa zargin baiwar Allah da ta yi mana alheri. Amma kin faɗi gaskiya kafin mu yar da katifarmu. Wannan na ji daɗinsa. Yanzu wanke fuskarki. Za mu je ofis, ke za ki yi bayani."

"Ni, Mama? In suka kore mu fa?"

"Ko me za su yi, gaskiya za mu faɗa. Akwai yara a gidan da ke jikin namu."

Suka saka tum-tum ɗin a babbar baƙar leda, suka ɗaure bakin tam, suka sauka da shi.

Mai kula da gidajen sunansa Mista Elnathan. Dogo ne mai furfura. Yarinyar ta tsaya a gabansa ta faɗi komai da Turanci.

"Ja ne?" in ji shi. "Mai baƙin giciye a baya?"

"Shi ne."

Ya girgiza kai. "Ni na zana giciyen nan da hannuna. Alama ce. In kika ga an yi wa kushin ko katifa haka a bakin bola, ana nufin kada kowa ya ɗauka."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Za ka kore mu?"

"A'a. Da kun yi shiru har ƙwarin suka cika benen, da maganar ta yi tsawo. Tunda kun zo da wuri, zan turo mai feshi. Amma akwai aiki a gabanku, ba kaɗan ba."

Aiki kuwa sun sha shi. Kowane tsumma na gidan sai da aka ɗaure a leda. Ranar Asabar ɗin da Jidda za ta zo, a shagon wanki yarinyar ta wuni. Tana loda kaya a injin zafi, tana ninkewa, har bayanta ya yi ciwo. Ita ce kuma ta buga wa Jidda waya ta ce kada ta zo tukuna.

Mai feshi ya zo sau biyu. Aka saka katifar a wata riga mai zif da ƙwaro ba ya iya fita daga cikinta. Kafin a gama, kwana tara suka yi a tabarma a falo. Kullum da safe yarinyar ce take shafa wa Safwan magani a bayansa.

"Yi haƙuri, Safwan. Ni na jawo maka."

"Oke," in ji shi. "Amma ki ba ni biskit ɗinki."

Da komai ya lafa, Anti Nasiba ta kawo ragowar shuɗin fenti. Yarinyar ta goge kujerun nan biyu, ta shafe su da kanta a baranda. Mama ta ɗaure ƙafar teburin da ƙusa. Suka sayo labule a kantin gwanjo, kuma sai da ya bi ta injin zafi kafin a rataya shi.

Bayan wata ɗaya Jidda ta zo. Ta yi sallama, ta gaishe da Mama, ta zauna a shuɗiyar kujera.

"Kai, ta yi kyau! A ina kuka saya?"

Yarinyar ta dubi Mama. Mama ta ci gaba da zuba shayi.

"Ba saya muka yi ba," in ji yarinyar. "A bakin titi muka tsinta. Mama ta wanke, ni na yi fentin."

"Ke da kanki? Don Allah ki koya mini!"

Suka sha shayi da ƙosai, Safwan yana ta yi musu surutu. Da Jidda ta tafi, yarinyar ta rufe ƙofa da hannunta, ta murɗa makulli, ta ce, "Alhamdulillahi."

Tun daga ranar, in Mama ta hana abu, tana tambayar dalili, kuma tana bi. Ta gane cewa ɗan abin da mutum ya mallaka da tsabta ba abin kunya ba ne. Ta kuma gane cewa laifin da aka ɓoye ƙaruwa yake yi, amma wanda aka faɗa da wuri ana iya gyara shi.