Yarinyar da Ta Ce Tana Jin Japananci

A tsakiyar zangon karatu aka kawo ta makarantar. An canza wa babanta wurin aiki, suka tattara kayansu suka bar tsohuwar unguwarsu. A sabon ajin kowa yana da abokin zama. Ita sai aka ba ta bencin baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya.

Ta yi sati uku babu wanda ya kira ta wasa. Ba tsanarta suka yi ba, mantawa kawai suke yi tana nan. Ko sunanta ba su riƙe ba, Sabuwa suke ce mata. Idan an kaɗa ƙararrawar hutu, sai ta zauna a kan matakala ta buɗe kwanon abincinta. A hankali take ci, don kada ta gama da wuri ta rasa abin yi.

Ran Alhamis malamar zane ta shigo da kwamfuta da majigi. Ta sa aka rufe tagogi. Ta ce za ta nuna musu wani ɗan gajeren bidiyon waƙa da aka zana a Japan. Minti uku ne kacal, kuma tana so su lura da launuka.

Aka fara. Ga wata yarinya mai jan takalmi, tana rungume da kwalba, a ciki akwai ɗan kifi. Ta ratsa kasuwa, ta hau jirgin ƙasa, ruwan sama ya jiƙa ta. Wata siririyar murya tana rera waƙa. A ƙarshe yarinyar ta isa bakin kogi, ta durƙusa, ta saki kifin. Ya kewaya sau ɗaya, ya tafi.

Ajin ya yi tsit. Can sai tafi ya ɓarke. Suka roƙi Malama ta maimaita, ta maimaita har sau biyu. Wani ya ce ruwan saman kamar ya taɓa shi. Wata ta ce idon kifin ne ya ba ta tausayi.

Sai monita ta ɗaga hannu ta tambaya, "Malama, me mai waƙar take cewa?"

Malama ta ce ita ma ba ta jin yaren, amma za ta nemo musu fassara.

Sabuwa ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. "Ni ina jin Japananci," in ji ta.

Duk suka waiwayo. Wannan ne karo na farko da ajin ya kalle ta gaba ɗaya. Ta ji daɗi.

Da aka fita hutu suka kewaye ta a kan matakala. Ta ce wai yayanta ne ya koya mata. Suka ce to, ta faɗi abin da waƙar take nufi. Ta sunkuyar da kai, ta fara ƙirƙira. Ta ce yarinyar tana roƙon kifin kada ya tafi. Tana ce masa garin nan babba ne, kuma babu wanda ya san sunanta sai shi.

Suka yi shiru suna saurare. Wata mai tabarau har ta share ido.

Kwana shida ta yi ba ta zauna ita kaɗai ba. Wannan ya ce ta faɗa masa yadda ake cewa kare, wancan ya ce yadda ake gaisuwa. Duk abin da ya zo bakinta shi take faɗa. Amma da ta koma gida sai ta shiga damuwa. Jiya ta ba kare wani suna, yau ta manta shi.

Wata Alhamis ɗin ta zagayo. Malama ta shigo da murna, riƙe da takarda. Ta ce ta samo fassarar, bari su gani ko ta yi daidai da ta 'yar ajinsu. Ta fara karantawa. Ashe ba yarinyar ce take waƙa ba, kifin ne. Murna yake yi zai koma kogi. Har yana cewa kwalbar ta yi masa kaɗan, wutsiyarsa ta gaji da lanƙwasa.

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Malama ta buga tebur suka yi shiru. Ta dubi bencin baya kawai, ta ci gaba da darasi. Sabuwa ta ji da ma faɗa aka yi mata.

Daga ranar suka sa mata suna Tafinta. Ta koma kan matakala. A da ba sa ganinta ne. Yanzu suna ganinta, amma suna wucewa.

Wata rana da yamma Mama ta buɗe kwanon abincin a kicin, ta tarar ko taɓa shi ba a yi ba. Ta jawo kujera, ta ce ta zauna. Yarinyar ta yi ta murza gefen rigarta, daga baya ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Mama ta tambaye ta abin da ta ce musu waƙar take nufi. Ta faɗa mata. Mama ta jawo ta jikinta.

"Ashe abin da yake ranki kika gaya musu," in ji ta. "Da kin ce naki ne, ai babu laifi. Laifin shi ne kin ce kin san abin da ba ki sani ba. Gobe ki je ki gyara."

"Mama, za su yi mini dariya."

"Za su iya yi. Amma dariyar ba za ta daɗe ba."

Washegari kafin a fara darasi ta nemi izinin malamar zane ta tsaya a gaban allo. Ta ce ba ta jin Japananci ko kalma ɗaya, kuma yayanta ma ba ya ji. Ta ce so take kawai a zauna da ita. Ta roƙe su su yi haƙuri.

Mutum biyu suka yi 'yar dariya, babu wanda ya taya su. Monita ta sunkuyar da kai. Sai mai tabarau ta ɗaga hannu.

"Malama, ni dai labarin da ta ba mu ya fi taɓa ni. Ba za a iya rubuta shi ba?"

Malama ta yi murmushi. Ta ce bidiyo ɗaya suka kalla, amma kowa da abin da ya ji, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Ta ba su aiki: kowa ya zana wurin da ya fi so a bidiyon, ya rubuta abin da ya ji a ƙasa, ya sa sunansa.

Mai tabarau ta ɗauko jakarta ta koma bencin baya. Ta ce ita ta iya zanen kifi amma ba ta iya haɗa magana ba, ko za su yi tare? Suka yi tare. Da Malama ta manna takardun a bango, 'yan aji suka taru suna karanta tasu. Monita ta karanta sunan Sabuwa na gaskiya da yake ƙasa da ƙarfi, ta ce ashe suna ne mai daɗi haka.

Ranar Sabuwa ta dawo gida da gudu, kwanon nan babu komai a ciki. Ta ce wa Mama ta gane: ƙarya takan tara wa mutum jama'a na 'yan kwanaki ne kawai, amma wanda ya faɗi gaskiya shi yake samun ƙawar da za ta zauna da shi.