Sahabin Rubutu da Sahabin Jirgi

Waƙar ba ta kai rabi ba Hamdiyya ta zare abin sauraro daga kunnenta ta ajiye a cinya.

"Tsai da ita, Kulu."

Kulu ta tsayar da waƙar, amma ba ta tsayar da ɗaukar murya ba. Jan ɗigon wayar yana ta ƙiftawa a kan tabarma, ƙarƙashin tsamiyar da suke zama duk ranar kasuwa, can kafin a kai tashar jiragen ruwa ta Yelwa inda hayaniya ba ta isowa sosai.

"Wagga ba waƙatai ba ta," in ji Hamdiyya. "Baitin hwarko daga labarin da yarinyar nan ta Shanga ta aiko na. Na biyu na wata ta Birnin Yauri na. Ni nik karanta su da bakina cikin shirin ga..."

Ta ture abin sauraron gefe.

"Sahabi, in kana ji... mi yas sa?"

Sai a lokacin ta tuna da wayar. Ta ce wa Kulu ta yanke wurin nan kafin ta ɗora, Kulu ta ce to, tana naɗe tabarma ba tare da ta dube ta ba.

Shirin nasu fodkas ne, shirin murya da suke ɗorawa a intanet da sunan Bakin Ruwa. Hamdiyya ke magana, Kulu 'yar ƙanwar Innarta ke tacewa da ɗorawa. Kashi biyu gare shi. Na farko sun sa masa suna Ɗori: masu sauraro su ɗauki taurarin littafin soyayyar da ya tsaya musu a rai su ɗora musu labari nasu, su raya wanda marubuciya ta kashe, su aurar da wadda aka bari a gida, Hamdiyya ta karanta. Na biyu kuwa sababbin waƙoƙi ne na matasan da ba su da kamfani ba su da ubangida. A nan Hamdiyya na da doka ɗaya da take taƙama da ita: ba ta jin waƙa sai a gaban makirufo, don abin da ya fito daga bakinta ya zama na gaskiya.

Ta wannan ƙofar Sahabi ya shigo.

Direban jirgin ruwa ne, yana ɗauko 'yan kasuwa da kwandunan kifi daga Wara. Waƙarsa ta farko a wani ɗan ɗaki bayan shagon cajin waya ya ɗauke ta, har ana jin janareto a bayanta, kuma a kan mahaifiyarsa ya yi ta, da hayaƙin banda da ya cinye mata idanu. Da waƙar ta ƙare Hamdiyya ta yi shiru, shirun da bai dace da mai shiri ba, sannan ta ce a sake sa ta.

Shi ke nan. Masu sauraro ba a ba su fuska.

Mako bai zagayo ba aka ajiye taurarin littattafai, aka koma rubuta Hamdiyya da Sahabi. Wannan ta sa ya ceto ta daga ruwa, waccan ta sa ya yi mata waƙa a gaban taro. Sahabin rubutu farar shadda yake sawa, ƙamshinsa na riga shi isowa, in ya buɗe baki kuwa sai mace ta nemi wurin zama. Hamdiyya tana karantawa tana dariya, tana cewa ku ji tsoron Allah, amma in ta koma gida sai ta sake karantawa ita kaɗai.

Sahabin jirgi fa?

Shi warin fetur yake yi. In ya sauke fasinja sai ya zo ya tsaya nesa da tabarma, ya ce sannunku da aiki, ya ajiye mata bandar kifi a ƙunshe cikin takarda, ya sosa ƙeya, ya ce bari ya je kada a yi masa lodi ba ya nan. Haka kullum. Hamdiyya ta rasa inda za ta sa kanta. Tana son sa, wannan ba ta musu, sai dai ba ta san wanne daga cikin biyun take so ba, kuma duk kalmar so da ta taɓa ji da sunansa daga bakinta ta fito.

Wata rana haushi ya ci ta, ta ce masa cikin wasa, da ma ya iya magana ko da rabin na labari ne. Ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Ita ta manta, shi bai manta ba.

A gida kuma wuta ake hura mata. Inna ta ce ita ba ta haifi ɗiyar da za a riƙa haɗa sunanta da na namiji a wayar kowane ɗan acaɓa ba, kuma mawaƙi, mawaƙin ma na jirgi. Baffa Magaji, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinta, bai ɗaga murya ba. Ya ce magana ɗaya ce: in yaron da gaske yake ya turo magabatansa, in kuwa wasan waya ne a rufe shirin kowa ya huta.

Ana cikin haka Sahabi ya aiko da sabuwar waƙar, ya ce don ita ya yi ta.

Washegarin ɗaukar shirin Hamdiyya na wanke-wanke wayarta ta fara ruri ba tsayawa. Ta goge hannu a zani ta duba. Kulu ba ta yanke komai ba. Muryarta ce ke yawo daga waya zuwa waya, "Wagga ba waƙatai ba ta," wani ɗan iska har ya ɗora mata kiɗa. Kafin la'asar an raɗa masa suna Sahabi Mai Aro. Yarinyar Shanga ta rubuto tana neman a faɗi sunanta a waƙar. 'Yan tasha suna ganin sa sai su tambaye shi ko rigar jikinsa ma tasa ce.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa gidan su Kulu. Ta same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, hankali kwance.

"Na ce ki yanke."

"Ke kic ce shirinki na gaskiya na."

"Kulu..."

Kulu ta ajiye faifan. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce Sahabi ne ya zo ya same ta yana tambayar irin maganar da Hamdiyya ke so, ita kuma ta tattaro masa layukan da ta ga Hamdiyya na lumshe ido in tana karanta su, ta ce ya rera. Ta san sarai Hamdiyya za ta gane su.

"Don mi? Mi ni yi miki?"

"Ke naki yana cikin waya, Hamdiyya. Ki riƙe shi, ba mai amshe miki. Ni na jirgin ni ka so, da warin fetur ɗin nai da komi, tun ba ki san sunanai ba."

Hamdiyya ta ja da baya. Da zagi Kulu ta yi mata da ta rama. Ta juya ta fita, maganar tana bin ta har gida.

Sahabi ya sauke waƙar daga intanet, ya sauke ta farkon ma, ya kashe wayarsa. Ta kira har ta gaji. Ta goge shirin, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa. Ta ɗauki muryar ban haƙuri ta share, ta sake ɗauka ta sake sharewa. Ba ta iya zama, ba ta iya kwanciya. Ta share tsakar gida da aka riga aka share. Ta ɗora ruwan zafi ta manta da shi har tukunya ta ƙone. Inna ta ce Allah Ya raba ta da wahala ne ba ta sani ba, Baffa Magaji kuma ya ce tunda shiru ne, to shiru ma amsa ce.

Masu sauraro, su da ba sa gajiya, sai suka koma aiko da labaran sulhu. A ɗaya Sahabi ya durƙusa a gabanta cikin ruwan sama. A wani ya cika mata jirgi da furanni, a Yauri! Ta karanta biyu ta ji kamar tana tauna ɓawon gyaɗa. Wannan mai farar shaddar bai taɓa sosa ƙeya ba, bai taɓa kawo mata kifi ya rasa abin cewa ba. Ta kifa wayar ta yi kuka sosai, don yanzu ta san wanda take kewa, kuma shi ne wanda ta kunyata.

Ranar kasuwa ta ce wa Inna za ta sayo kayan miya. Ta bar wayar a kan gado da gangan, ta nufi tsamiya.

Ba tabarma, ba Kulu, ba abin sauraro a kunne. Kullum baya take ba ruwa saboda iska kada ta bugi makirufo, yau kuwa ta zauna a kan saiwa tana fuskantar sa. Ta tashi ta zauna. Ta tsinke ganye ta yayyage. Jirage na wucewa da rurinsu, kowanne sai ta miƙa wuya ta duba.

Can ta hango nasa, shuɗi mai ɓawon fenti, ya taso daga wajen Wara shaƙe da mata da kwanduna.

Yana kawowa daidai kwanar da ake fara hango tsamiya, sai injin ya mutu.

Ta miƙe tsaye. Ta zaci lalacewa ya yi. Sai ta ga Sahabi ya jawo doguwar gora ya raɓo gefe, ya kafa ta a ƙasan ruwa yana tunkuɗa jirgin da ƙarfin ƙirjinsa, ruwa na ja baya shi yana ja gaba. Bai ɗago ya dubi tsamiyar ba. Matan ciki kuwa sun ɗauki faɗa, muryar wata tsohuwa ta fi ta kowa.

"Kai Sahabi, yau ma? Kasuwa na watsewa, kai kana muna tuƙin kakanni!"

Sai da jirgin ya wuce tsamiyar da nisa sannan ya ja igiyar injin.

Hamdiyya ta bi gaɓa da gudu-gudu, takalminta na cika da laka. Ta isa tasha ana sauke kaya. Tsohuwar nan, Dudu mai kifi, tana tsaye tana gyara ɗaurin zani tana ci gaba da mita. Hamdiyya ta gaishe ta, ta tambaya ko injin ne ke ba su wahala.

Dudu ta ce inji lafiyarsa lau, yaron ne ba lafiya. Tun damina haka yake musu duk ranar kasuwa, wai akwai masu ɗaukar magana a gindin tsamiya, ƙarar inji na ɓata musu aiki. Ta ce sun yi faɗan, sun yi roƙon, wasu har sun sauya jirgi. Yau ma ta ce masa an ce shirin ya mutu, ya ce ko da wani ya zo.

Hamdiyya ta juya. Yana tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa da kwando a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya gan ta. Ya sauke kwandon a hankali.

"Sannu da aiki," in ji shi, ya dubi ƙasa.

"Sahabi, ka yahe mini."

"Ke gaskiya kif faɗi. Ba tawa ba ta."

"Ba a gaban duniya ya kamata in hwaɗa ba."

Ya shiga murza tafin hannunsa. Ta dubi hannun, duk kanta ne da sabon ƙulli inda gora ta ci.

"Na so in ba ki irin wadda ki ka so," ya ce. "Na zamna da biro, wallahi har kaina yay yi ciwo. In ni tuna ki, magana ba ta zowa. Sai in ji kamar in tashi in yi wani aiki."

Hawaye suka zubo mata, tana dariya a cikinsu.

"Tun damina kake kashe inji, ba ka taɓa hwaɗa mini ba?"

"To ai in na hwaɗa... kin ji ƙara ke nan."

'Yan tasha sun fara taruwa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce Mai Aro an zo biko. Hamdiyya ta waiwaya ta dube shi ido cikin ido, ta ce waƙar da ya ji ta aro ce, amma mutumin nata ne, in yana da sauran magana ya matso. Ba wanda ya matso.

Sahabi ya sosa ƙeya. Kunnuwansa kamar su kama wuta.

"Hamdiyya, ni hwa har gobe ban iya hwaɗin abin ga ba."

"Kada ka hwaɗa, masoyina. Ba aikinka ba na."

Ya ɗago, karo na farko ya dube ta sosai.

"Kana da baffa a Wara?" in ji ta.

"Ina da."

"Ya iya magana?"

"Ba a tsai da shi."

"To ka ɗauko shi ka kawo ma Baffa Magaji. Shi shi hwaɗa."

Sahabi ya tsaya kamar bai ji ba, sannan murmushi ya ƙwace masa, ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa. Ta ce ta yi nisa. Ya ce jibi.

"Kuma ranar kada ka kashe inji," in ji ta. "Ka taho da ƙararka tun daga kwana. Ina son Inna ta ji zuwanka daga cikin ɗaki."