Hannun Da Inna Ta Ƙi

"Kada ki taɓa ta, Inna!"

Tsawar Wasila, ungozomar asibiti, ta sa Inna Gambo janye hannu babu shiri. A kan gadon ƙaramin asibitin Kwatarkwashi 'yarta Hafsatu ke murƙususu, faya ta fashe, igiyar cibiya kuwa ta riga jariri leƙowa waje.

"Ke, ni kike wa tsawa? Maishe ta ciki za ni yi!"

"In aka murza ta, jini zai daina isa ga yaron. Kansa ne ke danne ta. Hafsatu, juya ki durƙusa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama... kada ki yi nishi!"

Wasila ta zura safar hannu, ta sa yatsu ta tura kan jaririn sama. A gefen yatsanta ta ji cibiyar na bugawa a hankali.

Yana da rai!

Abokiyar aikinta ta lulluɓe abin da ya fito da tsabtataccen ƙyalle mai ɗumi, ta buga waya Gusau a shirya tiyata.

"Wa ke da mota?" Wasila ta tambaya.

"Ni ne..."

Ko ba ta waiwaya ba ta san muryar. Mahadi, yayan Hafsatu, wanda ya so aurenta. Wata uku rabonta da shi, tun ranar da Inna ta ce a gaban dangi, hannun da ke wuni cikin jinin haihuwa ba zai tuƙa mata tuwo ba. Maganar ta yi ciwo, amma shirun da Mahadi ya yi a ranar shi ya fi ƙona mata rai.

A kujerar baya aka sa su, Hafsatu a durƙushe, Wasila a bayanta, an rufa musu zane. Ba ta isa ta zare hannun nan ba, ko da na ƙiftawar ido.

Tun kafin su yi nisa hannun ya fara sagewa. Duk ramin da motar ta faɗa sai kan yaron ya sauko, bugun ya raunana.

"Anti Wasila, zai mutu ko?" Hafsatu na kuka.

"Ina jin shi, ƙanwata. Yi ta salati."

Mahadi ya dube ta ta madubi, idonsa jawur.

"Wasila... hasken raina, ki yafe..."

"Dubi hanya, Mahadi!"

Hawaye suka zubo mata, babu damar sharewa. Sai ta ji an goge mata fuska da bakin mayafi. Inna ce ta juyo daga kujerar gaba.

A Gusau tare aka tura su kan gado ɗaya har ɗakin tiyata. Sai da likita ya yanka ya kai ga jaririn ya ce, "To, cire," sannan ta zare hannun.

Shiru...

Shirun ya yi tsawo har ta fara salati a fili. Can sai ga wani ɗan siririn kuka.

Da la'asar Wasila na zaune a baranda, yatsunta sun ƙage, ko kofin ruwa ta kasa riƙewa. 'Yan uwa sun kawo tuwo daga unguwar Damba. Mahadi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ran nan na yi shiru, na cuce ta. Yau ba zan yi ba. Ita nike so."

Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta jawo kwano ta zauna kusa da Wasila, ta ɗora hannun nan a kan cinyarta tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta gutsuro loma, ta dangwalo miya.

"Buɗe baki, ɗiyata."

"Inna, zan iya..."

"Ba ki iyawa. Wanga hannu ya gama aikinai na yau. Bari shi huta, tuwona na nan na jiran shi."